Giwar Ƙarfe da Ke Bakin Gonarmu

Wa ya kashe min miji? Tari ne, ko wani saurayi mai baƙin tabarau da ya so jama'a su yi masa tafi, ko kuwa wani tulin ƙarfe da ba ya ci ba ya sha? Na yi wa kaina wannan tambaya a kan tabarmar takaba, na yi ta a gona, ga shi yau haƙora sun ƙare a bakina ina nan ina yin ta, ban samu amsa ba. Liman ya ce min kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, ni ba mai jayayya da Allah ba ce. Amma ranar da masu aikin hanya suka dawo garinmu ba za ta fita daga raina ba har a sa ni a ƙasa.

Jikata ce ke riƙe da alƙalami, ni baki kawai gare ni. Ita ta ce min yanzu mutanen birni, idan za su tashi daga Damagaram zuwa Agadas, sai sun tambayi wuraren da ya kamata a tsaya a yi kallo. Na ce to rubuta, ƙasarmu ta Damargu ba ta rasa abin gani ba. Akwai kufai masu ragowar ganuwa inda kakanninmu suka ɓuya a zamanin hari. Akwai rijiyoyi wajen Tenhya waɗanda raƙumi zai ja igiya ya yi nisa har ya ƙanƙance a ido kafin guga ya iso baki. Akwai kasuwar Belbeji ranar da dabbobi suka cika ta. Duk ku je ku gani. Sai dai wurin da motoci suka fi tsayawa a zamaninmu ba ya cikin waɗannan. Wani mataccen inji ne a bakin gonarmu, kudu da Tanut, kuma ni na san tarihinsa tun daga tushe, don a gabana ya mutu.

Bayan yunwar farko ne, wadda ta kwashe shanu, lokacin hanya ba ta san kwalta ba. Aka turo ma'aikata su zuba jar ƙasa su gyara ta. Cikin kayansu akwai injin daɓe, mai wata ƙatuwar ganga ta ƙarfe a gaba da ta kai kafaɗar namiji. Aikinsa dai aikin da mu mata muke yi da madaɓi a tsakar ɗaki, sai dai shi da hayaƙi da ruri yake nasa. Mutanen gari suka sa masa suna Giwa, alhali duk garin babu wanda ya taɓa ganin giwa ko a mafarki. Wata rana da hantsi Giwa ta iso daidai gonarmu, ta yi tari, ta yi atishawa, ta saki baƙin mai a ƙasa, ta tsaya cik. Ma'aikata suka yi ta shiga ƙarƙashinta suna fitowa baƙi ƙirin. Ta ce ita ta iso.

Shugabansu wani Nasara ne mai jan wuya. Da za su wuce gaba, ya waiga ya ga mutum ɗaya tsaye da hauya a kafaɗa, baki buɗe. Maigidana ke nan, Malam. Kada wani ya ce muku zaɓarsa aka yi. Shi ne kawai a tsaye a wurin. Nasara ya yi wata gajeriyar magana, tafinta ya juyo ya ce, "Ya ce ka duba musu ita. Za su je su samo ƙarfen da ya karye su dawo."

Malam ya dafa ƙirji ya ce, "Amana ce?"

Tafinta ƙafarsa ɗaya tana kan kamyo, babbar motar kayansu, ko waiwayowa bai yi ba ya ce, "E, e, amana ce."

Nasara ya cire wata rawayar hular kwano daga kan wani lebura ya kifa wa Malam, ya miƙa masa gwangwanin sardin guda ɗaya. Naɗin ke nan, babu tambari babu algaita. Sardin muka ci da tuwo a ranar, gwangwanin na ajiye ina zuba allura. Hular kuwa ta zauna.

Bari in gaya muku wane ne Malam kafin wannan rana, don ku gane abin da ya biyo baya. Manomin hatsi ne, mai sanyin hali, ba shi da sarauta ko ta bakin rijiya. A masallaci sahun baya ne wurinsa. A taron suna shi ake mantawa wajen rabon goro, kuma ba zai yi magana ba. Idan ana shawara a ƙofar mai gari, sai an watse wani ya tuna ashe yana wurin. Na zauna da shi shekaru ban ji ya ɗaga murya ko ga jaki ba. Haka nake son abina, Allah ya sani, kuma har yau idan na tuna yadda yake cire min ƙaya a ƙafa sai idona ya cika. Amma gaskiya ita ce, duniya ba ta san an haife shi ba.

Washegari ya ɗora hular kwano a kan hularsa ta saƙa, ya tafi daji ya saro ƙaya, ya kewaye Giwa da shinge wanda ya fi na rumbunmu kyau. Na ce a raina, mako guda ne, bari ya yi wasansa. Mako ya wuce, damina ta zo ta wuce. Kullum da safe kafin ya leƙa gona sai ya share rairayin da ya taru a gindinta. Tabarmata sabuwa ya ɗauka ya rufe kujerar direba don kada rana ta fasa ta. Wata rana na matse man gyaɗa na ajiye, na dawo daga rijiya na tarar kwalba wayam.

Na ce, "Malam, ina man da na matse jiya?"

Ya ce, "Gaɓoɓinta sun fara tsatsa."

Na ce, "Nawa gaɓoɓin fa?"

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke ai kina motsi."

Babban abokin gabarsa shi ne maƙerin garinmu, wanda tare suka tashi tun suna kiwon awaki. Shi maƙeri idan ya ga ƙarfe kwance ba ya aiki, jikinsa har rawa yake. Ya zo da guduma a hammata ya tsaya bakin shinge ya ce, "Abokina, ba ni ɗan wannan na gefe kawai. In fitar da hauya biyu, ɗaya taka."

Malam ya ce, "Ba nawa ba ne."

"To na wa ne?"

"Na masu shi."

"Ina suke?"

"Suna hanya."

Maƙeri ya leƙa gabas ya leƙa yamma ya ce, "To Allah ya kawo su lafiya, Sarkin Giwa." Zolaya ya yi, amma sunan ya kama. Abin da ya ba ni mamaki, Malam amsawa ya yi.

Yanzu ku ji yadda ake samun wurin tarihi, ku da kuke yawo kuna nema. Hanyar nan doguwa ce, ba tudu ba gari na kirki, ido ba ya samun abin kamawa. Sai direbobi suka fara cewa, mu haɗu a Giwa, mu yi azahar a Giwa, taya ta fashe min kafin Giwa. Malam ya ga mutane suna saukowa, ya ce bai kamata baƙi su tsaya babu ruwan alwala ba. Ya girke randa a inuwarta. Ba sai na gaya muku kan wa ruwan yake hawa daga rijiya ba. Ya dasa itatuwan bedi biyu, ya jera duwatsu ya yi masallaci. Fasinjoji su sauko su miƙe ƙafa, su zagaya ta, su buga gangar su ji ƙara. Kowa ya taɓa, amma kujera ba mai hawa. Malam ya taɓa sauko da wani jandarma mai kaki da bindiga daga kanta, mutumin da a da ko inuwar jandarma ya gani sai ya sake hanya.

Sai kuma Nasaru masu ratso hamada a tsofaffin motoci, fata ta ƙone ta yi ja kamar an yi musu wanka da barkono. Su ba sa wuce Giwa. Su fito da abin ɗaukar hoto, su tsayar da Malam a gaban ganga da hularsa, su rungume shi, mace da namiji. Ina jin hoton mijina ya shiga ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa ba, ni kuwa matarsa ban mallaki ko ɗaya ba.

Daga nan labarai suka fara tsirowa kamar ciyawa bayan ruwan farko. Na ji wani direba yana gaya wa fasinjojinsa cewa da wannan ƙarfen Nasara suka ci Damargu da yaƙi. Wani ya ce ba ta taɓa lalacewa ba, ƙin tafiya ta yi. Mata masu neman haihuwa suka fara shafa gangar suna shafa ciki. Wata 'yar kasuwa daga Maraɗi ta sha ruwan da na ɗauko, ta goge baki, ta ce min aljannu ne suka riƙe ta don ta taka kabarin waliyyi.

Na ce, "Baiwar Allah, a gabana ta mutu. Mai ne ya zube."

Ta ce, "Ke me kika sani, 'yar ƙauye?"

A bayan wani ɗan tudu da ke kusa da gonarmu kuwa, tafiyar da ba ta kai a gaji ba, akwai kufan garin kakannin Malam. Ganuwarsa tana nan da sauranta, har da ramukan da ake leƙen mahara, da wurin da aka ce an binne rumbunan hatsi a ƙasa don kada a kwashe. Wannan ne tarihi na gaske, mutane sun mutu a kansa. Awaki ne kawai ke ziyartarsa. Na taɓa gaya wa wani mai manyan kaya da ya sauko daga mota cewa idan tarihi yake nema, ga shi can. Ya ce, "Mota tana zuwa?" Na ce a'a. Ya juya ya ci gaba da kallon tsatsa.

Malam bai taɓa yin ƙarya a kan Giwa ba, wannan zan shaide shi. Amma bai taɓa ƙaryata kowa ba. Idan aka tambaye shi ko gaskiya ne tana ruri ranar Juma'a, sai ya gyara hula ya ce, "Allah ne masani."

Da abin ya tsaya a man gyaɗa da tabarma, da yanzu dariya kawai nake ba ku. Amma amana ba ta barin mutum ya kwana a wani gari, in ji shi. Da wansa ya rasu a Gangara, ya je ya yi gaisuwa ya juyo a ranar, dangi suna ta surutu. Da aka kai 'yarmu ɗaya tilo gidan miji a Damagaram, iyakar rakiyarsa bakin shinge. Shekara goma da wani abu muna haka. Ƙarfen da aka tafi nema bai zo ba, Nasara mai jan wuya bai aiko ko gaisuwa ba.

Sai yunwa ta biyu ta zo. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe, gari ya fara watsewa, mutane suna ɗaure kaya suna yin kudu. A cikin wannan ne Malam ya kama tari. Da fari mun ce sanyi ne. Da na fara ganin ja a bakin rigarsa, na aika wa 'yarmu. Ta hawo kamyo ta zo, ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, mun tambayi lokotoro a asibiti. Ya ce irin wannan tarin ana warkewa, amma sai ka zo ka zauna wata da watanni ana maka allura. Ɗaki yana nan, mun share."

Ya ce, "In bar wa wa?"

Maƙeri, da ya shigo duba shi, ya ce, "Bar min. Wallahi ba zan taɓa ba."

Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Kai? Kafin in kai Bakin Birji ka mai da ita cokula."

Muka kira liman. Ya zauna ya yi masa bayani a hankali, cewa rai ma amana ne, kuma wanda ya bar kaya shekaru haka ba labari ya sauke wa mai tsaro nauyi. Malam ya saurara da ladabi har ƙarshe, sannan ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma wanda ya ba ni shi zai karɓa. Ko ya zo, ko ya aiko."

Ko ya aiko. Wannan kalma na ɗauka na ƙulle a bakin zane.

Ba a daɗe ba labari ya zo cewa masu aikin hanya sun dawo, wannan karon da kwalta, sun kafa zango kusa da mu. Na ce Allah ka ji kukana. Zabuwa ɗaya ta rage min a duniya, na tara ƙwanta a ƙwarya na rufe da faifai, na ce wa Malam zan je neman itace. Na taka har zangon. Aka nuna min shef ɗinsu, wato shugaban aikin, zaune a ƙarƙashin rumfa yana shan shayi. Ba Nasara ba ne, ɗanmu ne, Bahaushe ɗan birni, saurayi da shi, da baƙin tabarau da takalmi mai ƙyalli. Na durƙusa na ajiye ƙwarya.

Ya ce, "Iya, lafiya?"

Na kwashe labari na gaya masa tun daga atishawar Giwa har jinin bakin riga. Wajen hular kwano ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce, "Iya, masu wannan injin ai tun ina yaro ina karatu a lakwal suka tattara suka bar ƙasar. Ko sunansu ba kowa ya sani ba."

Na ce, "Ɗana, ni ba labarinsu na zo nema ba. Kalma biyu nake roƙo. Ka zo ka tsaya gabansa ka ce, mun karɓa. Ka amshi hular, in ka so ka jefa ta rijiya. Shi kuma in kai shi wurin magani."

Ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan."

Ya ce, "Iya, ki ɗauka an yi. Jibi bayan azahar." Ya sa aka shiga da ƙwai.

Da aka aiko wa Malam cewa shef zai zo karɓar amana, ya tashi daga kwance kamar ba shi ba. Ya share gindin Giwa yana yi yana hutawa. Ya wanke hular da toka har ta yi haske. Ya sa na fito masa da babbar rigarsa ta aure, wadda ta koma tana lilo a jikinsa kamar an rataya ta a sanda. Ni kuwa na ɗaure kayanmu na ɓoye bayan rumbu, 'yarmu ta yi magana da wani direba ya ajiye mana wuri a gaba don kada iska ta buge shi. A raina har na ga ɗakin da aka share, na ga shi kwance ana masa allura yana mita.

Ranar ta zo, kuma kamar an yi shela. Ragowar mutanen gari suka fito. Wani kamyo cike da fasinjoji ya tsaya sallar azahar. Ga wata motar Nasaru, mata biyu da abin hotonsu a wuya. Sai ga shef ya iso da ma'aikatansa a bayan mota, ya sauko yana kaɗe wando.

Malam ya tako a hankali ya tsaya gaban ganga. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga amanarku." Tari ya tare shi, aka jira. Ya ce, "Yadda aka bar ta haka take. Ko ƙusa ba ta fita ba. A tambayi wancan."

Ya nuna maƙeri. Maƙeri ya ɗaga hannu ya ce, "Na shaida. Wallahi na yi iya ƙoƙarina."

Wuri ya fashe da dariya. Malam bai yi ba. Ya sa hannu biyu ya cire hular kwano. Na daɗe ban ga kansa a waje babu ita ba, sai na ga ashe ya ƙanƙance, wuya kamar na ɗan tsako. Ya miƙa ta.

Shef ya miƙo hannu. Da idona na ga yatsunsa sun kama bakin hular, na ce alhamdu lillahi a fili. Amma dariyar nan ba ta gama kwantawa ba. Ya waiga ya ga ma'aikatansa suna washe baki, ya ga fasinjoji sun matso, ya ga ɗaya daga matan Nasarun nan ta ɗaga abin hoto ta saita shi. Sai na ga kafaɗarsa ta miƙe. Ya ɗaga hular sama kowa ya gani, ya juya da ita, sannan ya mayar da ita kan Malam ya danna. Ya buga ƙafa a ƙasa, ya sara masa irin ta soja, ya ɗaga murya ya ce, "Sarkin Giwa! An ga aikinka, an yaba. Duk ƙasar nan babu wanda ya cancanci wannan hula sai kai. Ci gaba da gadi har a aiko!"

Aka ɗauki tafi. Wata fasinja ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. Abin hoto ya yi ta ƙyas ƙyas. Ni kuwa na dafa shingen ƙaya ban ma ji tana shiga hannuna ba. Na dubi Malam, ina fatan in ga ya gane an yi wasa da shi, ya yi fushi, ya jefar da ita. Abin da na gani ya fi wannan ciwo. Fuskarsa ta yi wani haske da ban gani ba ko ranar aurenmu. Ya miƙe sosai, ya ɗaga hannu ya rama sarawar, da hagu ma ya yi don bai san da wanne ake yi ba.

Na tari shef a bakin mota. Na ce, "Ɗana, ba haka muka yi da kai ba."

Ya ce, "Haba Iya, ba ki ga yadda ya ji daɗi ba? Wa zai iya raba tsoho da abinsa a gaban jama'a? Gobe zan dawo mu yi shi cikin natsuwa, daga ni sai shi."

Goben nan tana can tare da ƙarfen da Nasara ya tafi nema. Kafin mako ya zagayo zangonsu ya tashi ya yi arewa. Har yau ban sani ba ko tausayi ne ya kama yaron nan, ko daɗin tafi. Wataƙila shi ma bai sani ba. Ƙwaina dai ya ci.

Da muka koma gida ban ɓoye wa Malam komai ba. Na ce masa ni na je na roƙo, na ce masu injin sun bar ƙasar tun tuni, babu mai zuwa, babu mai aikowa, yaron nan wasa ya yi.

Ya ce, "Kin ji da kunnenki abin da ya faɗa a gaban mutane."

Na ce, "Wasa yake, Malam! Dariya suke maka!"

Ya ce, "Wanda ya yi wasa da ita shi ya sani. Ni na amsa."

Na kwance kayan da na ɗaure. 'Yarmu ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta koma gidanta, tana aiko da ƙwayoyi ta hannun direbobi, waɗanda ba su tsayar da komai ba. Sannan kwalta ta iso ta wuce ta gaban gonarmu, baƙa sumul, kuma ita ta ƙarasa abin da tari ya fara. Mota idan ta samu kwalta gudu take. Direban da a da yake isowa Giwa a gajiye ya sauke mutane, yanzu sai dai ya danna oda ya wuce kamar iska. Malam ya sa in shimfiɗa masa tabarma a inuwar ganga, randa cike a gefensa, yana ɗaga wa motoci hannu. Wata rana a samu mai tsayawa, wata rana ruwan ya kwana yadda na zuba shi. Bai ga damina ba.

Da na fita takaba na aika aka kira maƙeri. Na ce, "Ga ta nan. Ka cinye ta, kada ka bar ko ƙusa." Ya zo da gudumarsa, ya shiga shingen da aka hana shi shiga shekara da shekaru, ya zagaya ta, ya ɗora hannu a kan ɗan ƙarfen nan na gefe. Ya daɗe a tsaye. Sai ya mayar da guduma hammata ya ce, "Ba zan iya ba. Ji nake yana kallona." Ya fita yana share ido da hannun riga. Baƙi ne daga baya suka zo suka kwance duk abin da ke kwantuwa. Gangar ta gagare su. Tana nan har yau, rabi a cikin rairayi, bedi biyu suna mata inuwa.

In kun bi hanyar, ku ce wa direba ya tsaya. Za ku sami mai ba ku labari, ba a rasa su. An ce min yanzu cewa ake mai gadinta wani tsohon soja ne da ya yi shekara ɗari bai runtsa ba. Ku ji, ku yi dariya, ku ɗauki hotonku. Amma in kuna da ƙafa ku taka bayan tudu ku ga ganuwar kakannin Malam, don awaki sun gaji da kallonta su kaɗai.

Abin da na koya, na koye shi da tsada. Akwai mutanen da kalma take da nauyi a wurinsu. Kada ka jefa wa irinsu magana kana hawa mota, kada ka yi wasa da su don jama'a su tafa maka. Kai za ka manta kafin ka kai gari na gaba, shi kuwa zai ɗauke ta har kabari. Kuma duk abin kallon da kuka tsaya gani a bakin hanya, ku tambaya wa ke share gindinsa, wa ke ɗauko ruwan randar.

Ranar da zai tafi, da la'asar ne, yana kwance a inuwarta, kansa a cinyata, hular tana kan ƙirjinsa don ta yi masa nauyi a ka. Wata mota ta wuce da gudu ba ta ko danna oda ba. Na kasa daurewa, ina kuka ina zagin ƙarfen nan, ina cewa ka ga abin da ta yi mana, ta cinye min mai, ta cinye min tabarma, yanzu ta cinye min kai. Ya buɗe ido ya yi ɗan murmushi, ya lalubo hannuna ya riƙe. Maganar da ya yi min a nan ita ce ta ƙarshe, bayanta sai salati.

Ya ce, "Uwar yarinya, bar zaginta haka. Kafin ta zo, wa ya taɓa tsayawa ya gaishe mu?"